Gwajin Iskar Jini: Yadda Ake Gane Tsamin Jini da Inda Ya Samo Asali

(Kiɗan buɗe shiri)

 Zancenmu na yau ya fi karkata ga ɗaliban aikin jinya da na ungozoma, da ma'aikatan lafiya na karkara, da masu aiki a ɗakin gwaje-gwaje, da ƙananan likitocin da ke kwana a sashen taimakon gaggawa. Amma kai mai jinyar ɗan'uwa a asibiti, kada ka murɗa rediyonka zuwa wata tasha, akwai rabonka a ciki. Wanda ke da takarda da biro ya matso da su kusa, domin akwai 'yan lambobi da za mu rubuta.

Akwai wani gwaji da ake yi wa wanda ciwo ya tsananta masa, ana kiransa gwajin iskar jini. Galibi a wuyan hannu ake ɗiban jinin, daga jijiyar nan mai bugawa wadda ake taɓawa a ji bugun zuciya. A sa shi a na'ura, cikin 'yan mintoci ta fitar da 'yar takarda cike da lambobi. Babbar tambayar da wannan takarda ke amsawa ita ce: ga mutum kwance numfashinsa ya canza, shin numfashin ne ya jawo masa matsala, ko kuwa jikinsa ne ke amfani da numfashin don ya ceci kansa? Amsoshin nan biyu maganinsu ya sha bamban, kuma wanda ya ɗauki ɗaya a madadin ɗaya zai iya ƙara wa majinyaci ciwo alhali yana nufin taimako.

Bari mu fara daga tushe. Kowace uwargida ta san idan miyar yakuwa ta yi tsami da yawa, 'yar kanwa ake jefawa ta kashe tsamin, idan kuma kanwar ta yi yawa, miya ta ɓaci ta wancan gefen. Haka jini yake. Dare da rana jiki yana samar da abubuwa masu tsami, yana kuma da abin da yake kashe tsamin da shi, wani sinadari mai suna bikabonet. Ma'aunin da ake auna tsamin da shi sunansa pH, wanda wani masani ɗan ƙasar Danmak, Søren Sørensen, ya ƙirƙiro a shekarar 1909. A wannan ma'auni, idan lamba ta yi ƙasa tsami ya ƙaru, idan ta yi sama tsami ya ragu. Jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45. Ku rubuta: 7.35 zuwa 7.45. Ƙasa da haka, tsami ya yi yawa, likitoci su ce asidosis. Sama da haka, tsami ya yi kaɗan, su ce alkalosis. Kada ƙanƙantar tazarar ta ruɗe ku. Idan pH ya sauko daga 7.40 zuwa 7.10, tsamin jinin ya ninka biyu ke nan, kuma a irin wannan hali bugun zuciya yana raunana, hawan jini ya faɗi, hankali ya fara gushewa.

Gaɓoɓi biyu ne ke riƙe da wannan ma'auni. Na farko huhu. Duk abincin da jiki ya ƙona yana fitar da iskar kabon dayoksaid, ita kuma idan ta narke a jini tsami take zama. Huhu ne ke fitar da ita. Mutum ya yi numfashi mai zurfi da sauri, iskar ta ragu a jini, tsami ya ragu. Numfashi ya yi rauni, ta taru, tsami ya ƙaru. A takardar gwaji za ku ga an rubuta PCO2, daidansa 35 zuwa 45. Wasu na'urorin da wani ma'auni dabam suke aiki, wato kPa, a can daidansa 4.7 zuwa 6.0 ne, don haka a duba ma'aunin kafin a yanke hukunci. Na biyu ƙoda. Ita ke tsare bikabonet kada ya zube a fitsari, ita ke kuma fitar da sauran tsamin da ba ya bin iska. A takarda an rubuta HCO3, daidansa 22 zuwa 26. Bambancin gaɓoɓin biyu shi ne sauri: huhu yana sauya aiki cikin mintoci, ƙoda kuwa sai ta ɗauki kwana 3 zuwa 5 kafin ta kammala nata gyaran.

Masu sauraro, wannan gwaji annobar shan inna ce ta fito da darajarsa. A shekarar 1952 cutar ta ɓarke a birnin Kofenhagen na Danmak, ta riƙa shanye wa yara tsokokin numfashi. A asibitin Blegdam, cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya shanye, 27 suka rasu. Gwajin da ake da shi a lokacin jimillar kabon dayoksaid da bikabonet yake aunawa a haɗe. Da likitoci suka ga lambar ta hau, sai suka ɗauka alkalosis ke damun yaran, wanda ba a san dalilinsa ba. Wani likitan sa barci a ɗakin tiyata, Bjørn Ibsen, ya ce a'a, iskar ce ta taru saboda yaran ba sa iya fitar da ita. Shugaban ɗakin gwaje-gwajen asibitin, Poul Astrup, ya auna pH kai tsaye, sai ga jinin cike da tsami. A ranar 27 ga Agusta aka huda maƙogwaron wata yarinya 'yar shekara 12, aka riƙa hura mata iska da jakar roba da hannu, ta rayu. Daga nan ɗaliban likitanci kimanin 1,500 suka shiga karɓa-karɓa suna matsa jakunkunan nan dare da rana, mace-mace suka ragu ƙwarai. Darasin da ke ciki shi ne, lamba ɗaya tilo ta ɓatar da ƙwararrun likitoci, sai da aka haɗa ta da 'yan'uwanta gaskiya ta fito.

(Gajeren kiɗa)

To, yaya ake karanta takardar? Bi da bi ake yi, kuma kullum da tsari ɗaya.

Da farko a dubi majinyacin, a kuma dubi oksijin ɗinsa. Mai lafiya da ke shaƙar iskar ɗaki, PO2 ɗinsa, wato lambar oksijin a takardar, yana tsakanin 80 da 100. Idan ya faɗi ƙasa da 60, wannan shi ne abin gaggawa, a fara da shi. A kuma rubuta yawan oksijin da ake ba shi lokacin da aka ɗebi jinin, domin 80 ga wanda ke cikin abin rufe hanci na oksijin ba abin murna ba ne.

Na biyu, a dubi pH: tsami ya yi yawa ko ya yi kaɗan?

Na uku, a nemo mai laifi tsakanin PCO2 da bikabonet. Idan jini ya yi tsami kuma PCO2 ya hau, daga numfashi ne. Idan jini ya yi tsami kuma bikabonet ya sauka, daga cikin jiki ne, ko dai ana samar da tsami fiye da kima, ko bikabonet yana zubewa, ko ƙoda ta gaza. Idan tsami ya yi kaɗan, sai a juya lissafin: PCO2 a ƙasa, numfashi ne; bikabonet a sama, cikin jiki ne.

Na huɗu, a dubi ɗaya lambar, a ga ko tana ƙoƙarin gyara. Ƙa'idar ita ce, mai gyara yana bin mai laifi gefe ɗaya. Bikabonet ya sauka, huhu ya saukar da PCO2. PCO2 ya hau ya daɗe, ƙoda ta ɗaga bikabonet. Gyaran kan matso da pH kusa da daidai, amma ba ya tsallakawa da shi wancan gefen. Idan kuka ga lambobin biyu sun raba hanya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, to cuta biyu ce ta haɗu a jiki ɗaya.

Mu gwada da misali. A ce an kawo saurayi ɗan shekara 19, kwana biyu yana amai, yana yawan fitsari da ƙishirwa, yana numfashi mai zurfi kamar wanda ya yi gudu, amma ƙirjinsa wasai idan an saurara. Takarda ta nuna pH 7.22, PCO2 20, bikabonet 8. Tsami ya yi yawa. Wa ya jawo? PCO2 a ƙasa yake, ba shi ba ne. Bikabonet ne ya ƙare. Ashe hakin nan gyara ne huhu ke yi. Wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, shi ya siffanta irin wannan numfashi a 1874 a jikin masu ciwon suga da suka suma, har yau da sunansa ake kiransa.

Akwai ɗan lissafi na gane ko huhu yana yin iya abin da ya kamata, ana ce masa lissafin Winters. A ninka bikabonet sau ɗaya da rabi, a ƙara 8, a bar sassaucin 2 sama ko ƙasa. A nan, 8 sau ɗaya da rabi 12, a ƙara 8, ya zama 20. Daidai da abin da ke takarda. Yanzu a ce bayan awa biyu an sake gwaji, bikabonet yana nan a 8 amma PCO2 ya koma 40. Wanda bai sani ba zai ce alhamdu lillahi, ya dawo daidai. Ina! Yaron ya gaji ne, ƙarfin hakin ya ƙare, kuma pH ɗinsa ya gangaro wajen 6.9. Wannan yaro sashen gobe da nisa yake buƙata nan take. Haka nan mai asma da ke tsakiyar tashinta: da farko PCO2 ɗinsa ƙasa yake yi saboda haki, idan aka gan shi a 40 alhali har yanzu yana fama, alamar ƙarfinsa ya fara ƙarewa ce.

Mataki na biyar na wanda bikabonet ɗinsa ya sauka ne, shi ne lissafin da ake kira giɓin anayon. A haɗa kuloraid da bikabonet, a cire jimillarsu daga sodiyam. Abin da ya rage bisa al'ada yana wajen 8 zuwa 12, gwargwadon ɗakin gwajin. Saurayinmu sodiyam ɗinsa 134, kuloraid 98, bikabonet 8. Wato 134 a cire 106, saura 28. Giɓi mai faɗi haka yana nufin wani baƙon tsami ya shigo jini. A wurinsa, kiton ne na ciwon suga, maganinsa kuwa ƙarin ruwa da insulin da lura da fotasiyam. Ba a gaggauta ɗura masa bikabonet, domin idan aka toshe inda tsamin ke fitowa, jiki da kansa zai maido da ma'auninsa.

Sauran abubuwan da ke faɗaɗa giɓin sanannu ne a asibitocinmu. Akwai tsamin laktik, wanda ke taruwa idan jini ba ya kai oksijin ga sassan jiki, kamar ga wadda ta zubar da jini wajen haihuwa, ko wanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa. Akwai gazawar ƙoda. Akwai guba: a 2008 wani maganin fitowar haƙorin jarirai da ya gurɓata da sinadarin dayetilin gilaikol ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya, ta hanyar lalata musu ƙoda da cika jininsu da tsami. Sai kuma zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ga yara, wanda muke fama da shi kowace damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya bikabonet ƙasa da 15, ko laktet, wato tsamin laktik, daga 5 zuwa sama, cikin alamun da ke nuna zazzaɓin ya kai matakin haɗari. Yaro mai zazzaɓi da ke jan numfashi mai zurfi, sau da yawa a ɗauka ciwon haƙarƙari ne kawai, alhali tsamin jini ne, kuma abin da yake buƙata allurar atesunet, da duba sugan jininsa, da ƙarin jini idan jininsa ya yi ƙasa sosai.

Idan kuwa giɓin bai faɗaɗa ba, bikabonet ne ke zubewa waje. Misali mai gudawa: pH 7.31, PCO2 29, bikabonet 14, sodiyam 138, kuloraid 114. Giɓi 10 ke nan. Ruwan hanji cike yake da bikabonet, gudawa ta kwashe shi. Shi ya sa haɗin gishiri da suga na ORS yake ɗauke da sitiret, wanda jiki ke mayarwa bikabonet, shi ya sa kuma ake fifita ruwan Ringer ga mai kwalara da ya bushe ƙwarai. Amma a sani, idan kwalara ta kai mutum ga faɗuwar hawan jini, tsamin laktik kan ƙaru a kai, giɓin ya faɗaɗa.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu mu koma inda huhu ne mai laifi. Ga mutum biyu. Na farko matashi ne da aka tsinta a sume bayan ya sha maganin tari mai kodin ya haɗa da wasu ƙwayoyi. Numfashinsa jefi-jefi, ƙwayar idonsa ta tsuke. Takarda ta ce pH 7.21, PCO2 70, bikabonet 27. Ta biyu tsohuwa ce da ta shekara arba'in tana girki da itace a ɗakin da hayaƙi ba ya fita, ta daɗe da tari da sarƙewar numfashi. Tata takardar ta ce pH 7.35, PCO2 60, bikabonet 32. Dukansu iska ta taru musu, amma bikabonet ya faɗa mana tsawon lokacin. Idan abin sabo ne, duk hawan 10 na PCO2, bikabonet 1 kawai yake ƙaruwa. Idan ya daɗe, ƙoda ta samu sarari, sai ya ƙaru da wajen 4. Matashin yanzu abin ya same shi, a buɗe masa hanyar numfashi, a hura masa iska, a yi masa allurar nalokson mai karya ƙarfin kodin. Tsohuwar kuwa jikinta ya riga ya saba, kuma cika mata oksijin ba lissafi na iya ƙara tara mata kabon dayoksaid har ta suma. Irinta, ana neman 'yar na'urar yatsa mai auna oksijin ta nuna 88 zuwa 92 ne. Ku kuma tuna, wannan 'yar na'ura ta yatsa oksijin kaɗai take gani. Tana iya nuna 98 ga mutumin da kabon dayoksaid ke gab da kashewa.

Sai ɓangaren ƙarancin tsami. Ruwan ciki tsami ne da shi, don haka mai yawan amai tsami yake zubarwa. Za a ga misali pH 7.50, bikabonet 36, PCO2 48, kuloraid da fotasiyam sun yi ƙasa. Ana ganin haka ga jariri ɗan makonni kaɗan da ƙofar tumbinsa ta tsuke, yana feso amai da ƙarfi bayan kowane shan nono. Ba a shiga da shi tiyata sai an gyara masa ruwa da gishirin jini. Ana kuma gani ga masu shan maganin sa fitsari irin su furosemaid ba tare da bibiya ba.

Na ƙarshe shi ne wanda haki ya fitar masa da iska fiye da kima: pH 7.52, PCO2 28, bikabonet 22. Yakan ji yatsunsa da leɓensa suna tsira-tsira, wani lokaci hannu ya ƙandare. Tsoro da firgici suna jawo haka, gaskiya ne. Amma kada a ce da mutum tsoro ne, ko a ce iska ce ta taɓa shi, sai an tabbatar ba ciwon huhu ba ne, ba gudan jini ne ya toshe jijiyar huhu ba, ba kuma ƙwayoyin cuta ne suka fara shiga jini ba. Mai juna biyu kuwa, PCO2 ɗinta dama yakan zauna wajen 30, wannan ba cuta ba ce.

Wani tarkon shi ne pH da ya fito daidai. Mai ciwon suga da kiton ya cika jininsa, kuma yake ta amai, ɗaya na jan pH ƙasa ɗaya na jan sa sama, sai ya tsaya a 7.40. Abin da zai tona asirin shi ne giɓin anayon. Don haka a lissafa shi ko da sauran lambobin sun yi kyau a ido.

Kalma biyu ga mai ɗiban jinin. Sirinji mai hefarin ake amfani da shi. A fitar da kumfar iska nan take, a toshe bakin, a kai ɗakin gwaji cikin kwata zuwa rabin awa, domin ƙwayoyin jini suna ci gaba da cin oksijin suna fitar da tsami a cikin sirinjin. A danne wurin hudar aƙalla minti 5. Idan kuma tsami kawai ake son sani, kamar ga mai ciwon suga, jinin jijiyar da aka saba ɗiba ya wadatar, pH ɗinsa kaɗan yake gaza na jijiya mai bugawa, sai dai ba a dogara da shi wajen auna oksijin.

Na san wani zai ce, mu a asibitinmu ina muka ga wannan na'ura? Gaskiya ne, an fi samunta a manyan asibitoci, kuma gwajin da tsada. Amma gwajin ƙoda da gishirin jini da ake yi a asibitoci da yawa yakan kawo sodiyam da kuloraid da bikabonet, kuma da su ukun nan giɓin anayon ya samu. A haɗa da gwajin suga na yatsa, da tsinken gwajin kiton a fitsari, da ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya da agogo, an ci rabin hanya. Mai numfashi mai zurfi da ƙirji wasai, a nemi tsamin jini. Mai numfashi sama-sama da yawan gyangyaɗi, a yi zargin iska ta taru masa. Wanda yake haki sai kuma ya lafa alhali bai farfaɗo ba, a kira babban likita ko a tura shi gaba ba tare da jinkiri ba.

Ku kuma 'yan'uwa masu jinya a gida, ga naku. Mai ciwon suga da ya fara amai da numfashi mai zurfi, yaro mai zazzaɓi ko gudawa da ke jan numfashi, mutumin da ya sha wani abu aka kasa tashinsa daga barci, duk waɗannan na asibiti ne a wannan sa'a, kada a bari sai gari ya waye. Ku tafi da kwalaben magungunan da ya sha, na asibiti da na gargajiya, ku faɗi gaskiyar abin da ya faru, domin bayaninku ne ke taimaka wa likita ya fassara lambobin.

Ɗalibai, mu maimaita lambobin sau ɗaya: pH 7.35 zuwa 7.45, PCO2 35 zuwa 45, bikabonet 22 zuwa 26. Oksijin tukuna, sannan pH, sannan mai laifi, sannan mai gyara, sannan giɓi. Ku nemi tsofaffin takardun gwaji a wajen malamanku, ku riƙa karantawa da wannan tsari har ya zauna muku.

A nan za mu dakata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu kula da su basira da haƙuri. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)